Ƙudajen da Maigidana Ya Wanke

Maigidana ɗinkin hula ya gada. Tun kafin a ɗaura mana aure a Kano allura ce a hannunsa, kuma duk wanda ya san hula a unguwarmu yakan gane aikinsa ko ba a faɗa masa ba. Bai taɓa miƙa wa mutum hula ba sai ya wanke ta, ya sa mata sitati, ya ɗora ta a gungume ta bushe. A wurinsa, aikin da ya fita da gumin hannu a jikinsa bai ƙare ba tukuna.

Ciwon zuciya ne ya kai mu Dubai, wajen shekara ta dubu biyu da huɗu. Ya fara haki idan ya yi 'yar tafiya, ƙafafunsa suna kumbura, maganin da muke samu a gida kuma yau akwai gobe babu. Sai taubashinsa, wani Alhaji mai harkar kago, wato jigilar kayan 'yan kasuwa, a unguwar Sabkha, ya ce ya zo ya yi masa aiki. Zai yi masa biza a ƙarƙashin kamfaninsa, ni kuma ya shigar da ni a matsayin mai dafa wa ma'aikata abinci. Wanda yake da bizar zama yana iya yankar katin asibiti, ya ga likita, ya karɓi magani. Katin nan muka bi. Ranar da biza ta mutu, kati ya mutu, kuma bizar tana hannun Alhaji.

Mahaifin Alhaji da mahaifiyar maigidana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ɗan namiji, maigidana ɗan mace, don haka a wasan taubasai shi ne ubangida, maigidana bawa, duk da cewa maigidana ya girme shi nesa ba kusa ba, har ya sha ɗaukarsa a kafaɗa zuwa sallar idi. Ban taɓa jin Alhaji ya kira shi da wani suna ba sai “bawana”. Ni kuma “matar bawana”. Kowa ya san ba a fushi da taubashi. Duk abin da ya faɗa maka sai ka mayar da dariya, in ka ɓata rai kai ne ka ji kunya.

Aikin da aka kira shi dominsa, ba mu taɓa jin labarin irinsa ba. Alhaji ya haɗu da wani Bature mai sayar da kayan kamun kifi a ƙasarsu, ya gane cewa akwai ciniki a ƙudajen ƙarya. Wani kifi ne na ruwan sanyi, mai ɗigo-ɗigo a jiki, da yake tasowa ya cafke ƙwaron da ya sauka a kan ruwa. Sai su ɗaura gashi a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaron, su jefa, ya zauna a saman ruwa, kifi ya taso. Alhaji ya kama fulat a unguwar Abu Hail, ya mai da falon wurin aiki, ya ba mu ɗaki ɗaya a ciki. Wani mutumin Kenya ya koya musu na 'yan watanni, da Turanci, sannan ya tafi abinsa. Maigidana ba ya jin Turanci. Da ido ya koya.

Su uku ne a teburin. Akwai wani ɗan Maraɗi mai yawan dariya, wanda ya yi bokon Faransanci kuma ba ya bari a manta. Akwai wani Kirista ɗan Kafanchan, mai shiru-shiru, da ya zo neman aikin lantarki bai samu ba. Sai maigidana, wanda suke kira Baba.

Daga kicin ina ganin hannunsa. Zai maƙala ƙugiya a ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, ya naɗe ta da zare. Ya yanko farin gashin wutsiyar maraƙi, ya taje shi, ya zuba a wani ɗan bututu ya buga a tebur har bakin gashin ya daidaita. Wannan bugun ne sautin gidan, ƙwas ƙwas, daga safe har la'asar. Ya ɗaura gashin a bayan ƙugiya, ya tashe shi tsaye, ya raba shi biyu da zare, sai ga fikafikai. Jela daga gashin barewar ƙasar Turawa. Jiki daga gashin ɗawisu, da ɗan jan siliki a tsakiya kamar ɗamara. Daga ƙarshe ya naɗa gashin wuyan zakara ya tashi tsaye kamar ƙafafu, ya ƙulle, ya ɗiga gam. Duka abin bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Cikin 'yan watanni ya wuce sauran biyun, domin ga mai ɗinkin hula wannan ba wani abu ba ne.

Babu wanda ya taɓa ganin kifin a cikinsu. Ɗan Maraɗi ya ce ya ji wai idan Turawan sun kama sai su cire ƙugiya su sake shi ya koma ruwa. Maigidana bai yarda ba. Ya ce ko Bature bai kai haka rashin aikin yi ba. Da ɗan Kafanchan ya tabbatar masa, sai ya ce to ashe kifin ma taubashinsu ne, tsokanarsa kawai suke yi.

Shekarun farko lafiyarsa ta gyaru. Kumburin ya sace, yana hawa matakala ba tare da ya tsaya ba. Duk wata muna shiga bas mu je asibiti. A shekara ta uku likita ya ce akwai jijiyar da ta toshe, za a yi masa ɗan aiki a buɗe ta, amma layi ne, kuma lokacin da zai zo kansa katinsa ya ƙare. Sai an sabunta biza, a sabunta kati. Da ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya ce ai ba ya barin bawansa ya mutu bai gama morarsa ba. Aka yi dariya. Muka ɗauka magana ta zauna.

A bazarar nan Baturen ya aiko da oda mafi girma da suka taɓa samu, duka masu farin fikafikai. A bazarar nan kuma esin da ke sanyaya falo ya lalace. Alhaji ya yi ta cewa mai gyara yana zuwa. Wanda bai zauna a Dubai cikin zafi ba ba zai gane ba, iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ko tawul ba ya bushewa. Suka yi aikin daga su sai singileti, gumi yana bin yatsunsu. Da aka gama aka jera ƙudajen a akwatunansu, farin fikafikan ya dushe, ya koma kalar hannun riga mai dauɗa.

Abin ya tsaya wa maigidana a rai. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin taga, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya ce da ni wannan ba aikin da za a tura wa mutum ba ne, ko da kifi ne zai gani.

Ran Juma'a da safe, sauran biyun sun fita, ya zuba ruwan ɗumi a roba ya kaɗa garin sabulu. Ya wanke su kaɗan-kaɗan a cikin rariya don kada ƙugiyoyin su sarƙe. Ya ɗauraye da ruwan bula saboda farin. Ya dama sitati mai ruwa-ruwa, ya riƙa taɓa fikafikan da gashin kaza, ya gyara tsayuwar kowanne da bakin allura. Ya shanya su a tire a ƙarƙashin fanka. Juma'a da yawa ya ba wannan aikin, ba wanda ya sa shi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba. Fikafikan sun tsaya cak, fari fat. Da Alhaji ya zo ɗauka, ya buɗe akwati ya ce ma sha Allah, ya ɗauki hoto, ya ce wannan shi ne amfanin tsananta wa bayi.

Bayan wata biyu kwalin ƙudajen da aka tura wa Baturen ya dawo.

Ba mu san ya dawo ba sai wata Juma'a bayan masallaci. Alhaji ya saba kawo abokan cinikinsa na Sabkha su ci tuwona, ranar kuwa ya kawo da yawa, falon ya cika. Da suka wanke hannu, ya sa aka shigo da kwalin daga mota.

“Matar bawana, ara mini robarki, ki ciko ta da ruwa.”

Na kawo na ajiye a tsakiyar falo, na koma bakin ƙofar kicin. Ya ɗauki wani tsohon ƙuda daga teburin aiki, wanda ba a wanke ba, ya saki a kan ruwan. Ya zauna a sama kamar auduga. Ya ce kowa ya gani. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko ɗaya daga cikin fararen ya saki. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sai ruwa ya kama shi, fikafikan suka kwanta, ya nutse a hankali har ƙasan roba. Ya saki wani, haka. Ya debo cikin hannu ya watsa, duk suka bi.

“Bawana, me ka yi musu?”

“Wanke su na yi.”

“Da me?”

“Da sabulu. Da ɗan bula saboda farin. Da sitati kaɗan.”

“Guga fa? Ba ka yi musu guga ba?”

Falon ya kece da dariya. Wani Alhaji mai sayar da wayoyi ya ce da ya san za su yi tafiya da ya ba su turare. Wani ya ce saura hula, tunda maɗinkin yana kusa. Ɗan Maraɗi ya yi dariya har yana buga cinya, yana cewa da Faransancinsa “mon vieux, mon vieux”. Daga baya ne ɗan Kafanchan ya bayyana mini cewa gashin yana da maiƙon kansa da ke hana shi jiƙa, sabulu ya cinye shi, sitati kuma shan ruwa yake yi. Ya ce mutumin Kenya ya taɓa faɗar wani abu mai kama da haka, da Turanci.

Maigidana ya yi abin da taubashi yake yi. Ya yi murmushi ya ce ubangidan da ya san aikin bayinsa, da tun farko ya faɗa musu, da kuma ya gyara musu esi. Mutum biyu suka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Na ga fuskarsa ta ɗaure na ɗan lokaci, sannan ta sake.

Ya ce Bature ya janye, ba zai ƙara saye ba. Ya ce gashi ya tafi, amma ƙugiyoyin na waje ne, masu kyau ne. Ya ciro fakitin reza daga aljihu ya ajiye a gaban maigidana. Ya ce maigidana ya kankare su duka, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowace ƙugiya yadda aka sayo ta. Kuma kada wanda ya taya shi, domin wanda ya yi wanki shi ke shanya.

“Maganar bizar fa?” in ji maigidana, a hankali, a gaban mutane.

“Ka gama tukuna. Yalla, maza.”

Ƙudajen dubbai ne. Ɗaure ƙuda yana da sauri a hannun gwani, kwance shi ba shi da gwani. Gam ya kama zaren, sai an yanka a jikin ƙarfen, kuma bakin ƙugiya yana nan yana jiran yatsa. Aka mayar da shi ƙarshen tebur, kusa da kwandon shara. Sauran biyun suna ɗaura wa wasu ƙananan masu saye, shi yana kwancewa. Yakan ɗan juya kowanne a hannu kafin ya sa reza. Farin gashi ya cika ƙasa, yana bin fanka, har cikin miya nake tsintarsa. Yatsunsa suka tsattsage. Na riƙa naɗa masa filasta, gari ya waye ta jiƙe. Ɗan Kafanchan ya taɓa ɗibar wasu ya kai ɗakinsa zai taya shi. Ɗan Maraɗi ya kai labari. Alhaji ya ce da ɗan Kafanchan shi ma bizarsa ba a sama take ba, sai ɗan Kafanchan ya dawo da su washegari yana kallon ƙasa.

Labarin ya zaga Sabkha. Suka sa masa suna mai wankin ƙuda. Baƙi da suka zo sari daga Kano ko Damagaram, Alhaji yakan biyo da su Abu Hail kafin ya kai su masauki, ya ce su zo su ga abin da ba a gani a ko'ina. Ya sa a kawo roba, ya saki ɗaya, a kalli yadda yake nutsewa. Sannan ya ce, bawana, faɗa musu da me da me. Maigidana ya ajiye reza ya lissafa: sabulu, bula, sitati. Alhaji ya tambayi guga. A yi dariya. Maigidana ma ya yi, ya kawo tasa 'yar tsokanar, domin haka ake yi. Idan sun tafi yakan daɗe bai ɗauki rezar ba.

Hakin ya dawo. Ya fara kwana a zaune da matasai a bayansa. Asibiti suka kira suka ce layi ya kusa, a tabbata kati yana da rai.

Ban gaya masa ba na shiga tasi zuwa unguwar International City, inda Alhaji ya koma da iyalinsa. Gine-ginen duk iri ɗaya ne, sai da na yi ta zagaye. Matarsa ta karɓe ni da kirki, ta kawo lemo, ta shige ɗaki. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce Alhaji, ya yi kuskure, ya sani, amma mutumin nan ba shi da lafiya, kuma ya haife ka in da a haihuwa ne. Na ce a bar kawo mutane suna kallonsa.

“Haba, matar bawana. Ke ma kin san wasa ne. In ban taɓa shi ba wa zan taɓa? Ya taɓa ce miki ya ji haushi?”

Na ce bai ce ba.

“To kin gani.”

Na tambayi bizar kai tsaye. Ya ce biza ba gudu take yi ba, shuwayya-shuwayya, a bi a sannu, ya gama aikinsa, in sha Allahu komai mai sauƙi ne. Ya sa direbansa ya mayar da ni. A hanya na riƙa juya maganar, na ga babu inda ya ce e, babu inda ya ce a'a. Duk da haka da na isa na ce da maigidana ya ƙara ƙoƙari, na ji a jikina za a yi.

Ya ƙara. Ya daina hutun rana. Ya gama saura kwanaki kaɗan biza ta ƙare. Ya goge ƙugiyoyin da tsumma, ya raba su bisa girmansu a gwangwanayen madara, ya yi wanka ya sa farar riga da hular da ya ɗinka wa kansa, ya jira Alhaji.

Alhaji ya zo shi kaɗai, abin da bai saba ba. Ya zuba ƙugiyoyi a tafin hannu ya duba, ya ce madalla, ko sababbi sai haka. Ya rufe gwangwanin.

“Halas, shi ke nan. To bawana, na 'yanta ka. Ka koma gida.”

Maigidana ya yi murmushi yana jiran ƙarshen wasan. Alhaji ya ce ya riga ya ba wani ɗan Kenya gurbin, wanda ya san aikin tun daga tushe, yana isowa mako mai zuwa, kuma ɗakinmu zai shiga. Ya ce tun ranar da kwalin ya dawo ya yanke haka.

“Tun ranar?”

“Tun ranar.”

“To kankarewar ta mece ce?”

“Ƙugiya ce, bawana. Da zubar da ita zan yi?”

Maigidana ya kalli yatsunsa. Ya ce aikin asibitin fa, layi ya zo. Alhaji ya ce akwai asibiti a Kano, kuma rai a hannun Allah yake, ba a hannun kati ba. Maigidana ya ce haka ne. Washegari ya bi Alhaji ofis aka soke bizar, tawa ma aka soke.

Ɗan Kafanchan ne ya ɗaukar mana jaka zuwa filin jirgi. Ya rungumi maigidana ya ce Baba, ka yafe mana. Maigidana ya ce me aka yi.

A Kano mun je inda za mu iya zuwa. An duba shi, an rubuta magani, an ce aikin da yake buƙata sai an jira, ko a fita waje. Ya gwada komawa ɗinkin hula, amma yatsun sun yi kanta, ba sa jin allura, kuma ba ya iya daɗewa a sunkuye. Yakan zauna a zaure da zare a cinya. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci Alhaji da mugun abu ba. Idan 'yan'uwa suka tambayi dalilin dawowarmu, sai ya ce zama ya ƙare. Bai ga ƙarshen daminar da ta biyo ba. Ya rasu da hantsi, a zaune, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Alhaji yana Kano a lokacin, ya zo sallamar kwantena. Ya zo gaisuwa ran sadakar uku, da buhun shinkafa. Ya shigo ciki ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, idonsa har da ƙwalla, ya ce ya rasa abokin wasa. Na ce Allah ya ba da lada. Ya fita ya zauna a tabarmar maza a ƙofar gida.

Ɗakin da nake takaba bangonsa ɗaya da waje, taga tana sama. Ina jin ana addu'a, ana shafawa, ana shiru, wani ya zo a sake. Can da mutane suka ragu sai na ji muryar Alhaji. Ya ce marigayi mutumin kirki ne, ba a taɓa yin mai tsabta irinsa ba, bari ma ya ba su wani labari. Ya fara daga esi. Ya iya ba da labari. Da ya zo kan sabulu da bula da sitati ya rage murya, kamar yadda ya dace da wurin makoki. Wani dattijo ya ce subhanallahi. Sai ya zo kan guga.

Ba su yi da ƙarfi ba. Irin dariyar nan ce da ake dannewa da hannun riga, amma ta daɗe, kuma na gane muryoyin, har da na ƙannen maigidana. Ƙanwata da ke zaune kusa da ni ta miƙe za ta fita, na riƙe mata zane. Lokacin abinci ya yi, na ce ta zuba na maza, ta fara da kwanon Alhaji, shi ne baƙo.